Tsummokaran Baba Maccido

Littafin da nake rubuta aron duwatsu a cikinsa, ban yarda kowa ya taɓa mini shi ba. Layi biyar na ja masa da rula: lamba, sunan dutse, mai shi, ranar karɓa, ranar mayarwa. Duk wanda ya shigo ofishin malamai sai na buɗe masa ya gani, ko bai tambaya ba. Sunana Magdalene, 'yar Zuru ce ni, shekarata tara ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata a Wurno. In akwai abin da nake taƙama da shi a duniya, to tsari ne.

Bana aka ce kowane malami ya kawo abin nuni saboda makon kimiyya. Na ce ni duwatsun ƙasar nan zan kawo, don ya daɗe yana ba ni haushi yadda yarana ke taka dutse kullum a hanyar gida, amma in an buɗe littafi sai hoton dutsen wata ƙasa da ba za su taɓa zuwa ba.

Mutum biyu suka ba ni aro. Na farko Alhaji Bilyaminu, dillalin duwatsu a Goronyo, mai sayen dutsen nan mai ƙyalli kamar gilashi da ake kai wa masu siminti. Shi bai wahalar da ni ba. Ya zubo mini goma sha biyu a kwali yana waya, ya ce ko ban mayar ba babu komai.

Na biyu shi ne Baba Maccido na Rabah, tsohon mai gina rijiya. Ya fi shekara arba'in yana shiga rami kafin yanar ido ta rufe masa gani. Duk rijiyar da ya ga halinta ya fita daban, sai ya ajiye dutse ɗaya daga cikinta. Goma sha bakwai ne, suna cikin wata tsohuwar tukunya a ɗakinsa, kowanne a naɗe cikin tsumma, an ɗaure da zare mai ƙulli-ƙulli. Sai da na yi zuwa uku kafin ya yarda. Ranar da zan tafi da su ya riƙe bakin kwalin da hannu biyu, ya ce, "Malama, aro na hwa. Ki maido mani su awa yadda kinka ɗauke su."

Na ce, "Baba, ko ƙwarzane ba za ka samu ba." Har na karanta masa layukan littafina don ya ji irin wadda ya ba aro.

Da shugabar makarantarmu ta leƙa kwalin sai ta yamutsa fuska. Ta ce, "Magdalene, baƙi za su zo daga Sakkwato, haka za su ga abin nan kamar kayan boka?" Ban yi mata gardama ba, kuma ba zan ɗora mata laifi ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci na zauna na kwance su duka. Kowane tsumma na ɗaure shi da zarensa don kada su watse, na cusa a leda. Duwatsun kuwa na wanke su tas da sabulu da buroshi, na shanya, na manna musu lamba daga sha uku zuwa ashirin da tara. A layin mai shi na rubuta Baba Maccido sau goma sha bakwai, da rubutuna mai kyau.

An yi nuni, an yaba. Wani babba daga Sakkwato ya ɗauki hoton littafina da wayarsa, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Ran Talata na aika wa Alhaji Bilyaminu da nasa, na cike ranar mayarwa.

Ran Laraba ana gab da tashi sai ga Sa'adu, ɗan Baba Maccido, a kan babur. Magidanci ne, zai yi shekara arba'in, shi ya gaji sana'ar. Farar ƙasa ta bushe masa a gashin kai da gira. Muka gaisa a ƙarƙashin dalbejiya.

Ya ce, "Baba yac ce in gaishe ki, kuma shina son duwatsunai ran Juma'a in Allah ya kai mu."

Na ce, "Ai an gama da su. Suna nan lafiya, babu wanda ya ɓata, babu wanda ya fashe."

"Madalla. Rijiya muka gina ma mutanen da sunka taso daga wajen Shinaka, waɗanda anka ba wuri bayan gari. Mun kai zurhin gaba tara munka ishe wani dutse. Baba ya shahwa shi, yac ce kar kowa shi sake shiga sai ya gwada shi da nashi guda biyu."

"Waɗanne biyu?"

"Na Rugar Yazid da na Tungar Ƙirya. Kama guda gare su. In wanga ɗan'uwan na Rugar Yazid na, ruwa na kusa, sai mu ci gaba. In ko na Tungar Ƙirya na, rairayi ag ga ƙasa nai, bango ka zubowa. Can ƙanen Baba, Baffa Siddiq, yar rasu. Ƙasa tar ruhe shi, Baba na sama riƙe da igiya."

Na ce, "To tunda kamarsu ɗaya, kuma Baba ba ya gani, da me yake bambanta su?"

Sa'adu ya yi dariya kamar na tambaye shi abin da yaro ya sani. "Da tsumma mana, Malama. Kowace rijiya, mai ita ka ba shi ƙyalle shi naɗe dutsen ciki. Da ya shahwa tsumma ya san gari. Ƙullin zare kau zurhi na, ƙulli guda gaba guda. Yanzu kai ya tsuhwa, shi da kainai ba ya yarda da tunaninai, sai abin da tsumma yac ce." Ya ɗan dube ni. "Ai ba ki kwance su ba?"

Na ce, "Suna nan lafiya."

Abin da na faɗa ke nan, ni Magdalene mai tsari. Sannan na tambaye shi wa zai shiga ramin in Baba ya ba da izini. Ya ce shi mana, Asabar da safe. Ya tayar da babur ya tafi.

Na ruga ofis na buɗe littafin. Layi biyar, kowanne a cike, babu goge ko ɗaya, kuma babu inda ya gaya mini wane tsumma ne na wane dutse. Na rubuta duk abin da ni na ga ya kamata a sani, na bar abu ɗaya da mai kayan yake bukata. Tsoro ya kama ni. Sa'ar da na yi ita ce, mai shara ba ta kai ga ledar ba, tana nan a bayan kabad.

Ran Alhamis ban koyar da komai ba. Na ba 'yan aji aikin kwafa, na shiga ɗakin gwaje-gwaje na kulle. Malam Victor, mai koyar da sinadarai, mutumin Kagoro, shi kaɗai na gaya wa, don ina bukatar gilashinsa mai ƙara girman abu. Muka shimfiɗa tsummokaran a kan teburi. Akwai atamfa, akwai shadda, akwai guntun buhu, har da hannun rigar sanyi ta yaro. Abin da na raina kwanan baya, yau shi nake bi da gilashi kamar mai neman allura.

Kuma sun taimake ni. Tsumman da ya shekara talatin rungume da dutse ya ɗauki siffarsa, yana da lotsawa inda dutsen ke da tsini. Jan dutse ya bar ja, fari ya bar gari kamar alli, mai ƙyalli ya bar ƙananan ɓurɓushi a cikin saƙa. Zaren ma yana da lanƙwasa inda ya saba zagayawa. Ina gwadawa ina kwancewa, Victor yana riƙe mini gilashi yana tsaki. Kafin la'asar na haɗa goma sha biyar, kuma zan iya dafa Littafi Mai Tsarki a kan kowannensu.

Saura biyu, lamba ashirin da ɗaya da ashirin da shida. Masu launin toka, girman ƙwan agwagwa, sumul. Tsumma ma biyu: wani baƙin saƙi irin na Fulani mai ƙulli goma, da guntun taguwa shuɗiya da ta koɗe, mai ƙulli tara. Kowane dutse na sa a kowane tsumma sai ya zauna daram. Ba sai an gaya mini ba, na san su ne biyun da Sa'adu ya faɗa.

Muka auna nauyinsu, kusan ɗaya. Victor ya ɗiga musu ruwan gwaji a gefe, duka biyun suka yi kumfa iri ɗaya. Ya ajiye kwalbar ya ce, "Kin gani? Dutse ɗaya ne. Ki ɗaure kawai. Tsohon ba ya gani, kuma abin da yake yi ba kimiyya ba ne, shafe-shafe ne. Kika je kika ce kin kwance, wallahi babu mai sake ba makarantar nan aron ko tsakuwa daga nan har Goronyo."

Na taso masa da faɗa. Na ce ran mutum ne a ciki, na ce ashe haka yake ba shi da tsoron Allah, na ce ya fita ya ba ni wuri. Ya fita. Da ya fita na ja ƙofa, na yi daidai abin da ya ce. Na rufe ido na ɗauki ɗaya na naɗe a baƙin saƙi, ɗayan a shuɗiyar taguwa, na ɗaure, na tura su can ƙasan kwali. Na gaya wa kaina cewa ai rabi da rabi ne, kuma wataƙila Victor yana da gaskiya. Tuwon da na dafa da yamma ban iya cin ko loma biyu ba.

Ran Juma'a ana tashi na ɗauki kwali na hau motar Rabah. Na ɗora shi a cinya, duk ramin da muka faɗa sai in ji biyun can ƙasa suna bugun juna. Sau uku ina shirya maganar da zan yi, sau uku ina rushe ta. Na isa an sauko daga masallaci.

Baba Maccido yana zaune a zaure a kan buzu, da buta da sandarsa. Sa'adu yana gefe ya baje wata doguwar igiya a ƙasa, yana bin ta taƙi-taƙi da yatsa yana duba inda ta ci. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su.

"Malama, kin zaka lahiya? Ya ɗiyan makaranta? Sun ga duwatsuna?"

"Sun gani, Baba. Sun gode ƙwarai."

Ya jawo kwalin gabansa. Ya sa hannu ya ɗauko na farko, ya murza tsumman tsakanin yatsu, ya bi zaren yana ƙirga ƙulli da babban yatsa. Ya faɗi sunan gari, ya faɗi sunan mai rijiya, ya ce ruwanta daɗi. Ya ɗauko na biyu, ya ce wannan zartsi ne, ko jaki ba ya sha. Da ya kai kan wani, ya yi dariya ya ce matar mai gidan ta yi kwana uku ba ta yi wa mijinta magana ba don zanenta ya yaga. Haka ya yi ta kiran su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a gefen buzu, ni kuwa ina ƙirgawa a zuci. Goma sha uku. Goma sha huɗu.

Ya ajiye na goma sha biyar, ya ce wa Sa'adu, "Kawo mani sabon." Sa'adu ya ciro wani dutse mai launin toka daga aljihu ya sa masa a tafi. Baba ya ce mini, "Yanzu za ki ga aikin, Malama. Ruwa nika ɗiga ma kowane, in ji yadda shika sha, in kai farce. Wanda sunka zan hali guda da sabon, tsummanai ka gaya muna mi za mu yi." Ya miƙa hannu cikin kwali, yatsunsa suka taɓa baƙin saƙi.

Idona ya faɗa kan igiyar. Sa'adu ya kai ƙarshenta, yana gwada ƙullin da zai ɗaura a ƙugunsa gobe.

Na ce, "Baba, tsaya."

Ban san muryata za ta fito haka ba. Na gaya masa komai, ban rage ba. Na kwance su, na wanke su, na haɗa goma sha biyar da shaida, biyun nan kuwa ido na rufe na naɗe. Na ce na san haka tun ran Laraba na yi wa Sa'adu ƙarya a ƙarƙashin dalbejiya. Ina magana ina kuka, abin da ban taɓa yi a gaban kowa ba a ƙasar nan.

Sa'adu ya saki igiyar. "Mi? Ido kinka ruhe, Malama? Ido?"

Baba ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Ya kwance biyun a hankali, ya ajiye kowane dutse a kan tsumman da na naɗe shi. Ya ɗauki ɗaya ya kai bakinsa ya lasa, ya jira. Ya lasa ɗayan.

Ya ce, "Sabulu."

Na sunkuyar da kai.

"Shekara talatin da huɗu ko ruwan sama ban bari ya taɓa su ba." Ba da faɗa ya faɗa ba, kamar yana gaya wa kansa ne.

Sai ya ɗauki baƙin saƙin ya sa gefensa a baki ya tsotsa, ya daɗe. Ya kurkure baki da ruwan buta, ya ɗauki shuɗiyar taguwar ya yi mata haka. Ya ce, "Tsumma ba ki wanke ba, Allah ya taimake mu nan. Baƙin lami na. Shuɗin na da ɗaci-ɗaci. Kowane ya sha ɗanɗanon dutsenai."

Sa'adu ya ce, "To Baba, lasa sabon ka gwada da tsumma mana."

"Tsumma ba dutse na ba. Ba ni sa ka rami bisa shaidar tsumma kaɗai." Ya juya dutsen a hannu. "Sabulu bai kai ciki ba. Sai an hwasa guda."

Na ce, "Baba, a fasa na Rugar Yazid."

"Wane na shi, ɗiyata?"

Ya shafa shuɗiyar taguwar ya miƙar da ita a kan gwiwarsa. Ya ce wannan ba mai rijiya ya ba shi ba. Ta Siddiq ce, ita ce a jikinsa da aka ciro shi bayan kwana biyu, dutsen kuma a hannunsa aka same shi, shi ne na ƙarshe da ya haƙo. Tungar Ƙirya yanzu babu kowa, 'yan bindiga sun tashe ta, ko kabarin ba ya iya zuwa. Abin da ya rage masa ke nan.

Ya tambaye ni, "Wane kinka naɗe cikin baƙi?"

Na tura masa ashirin da shida. Ya ce wataƙila hannuna ya yi sa'a, a fasa wannan. Sa'adu ya kawo guduma. Baba bai yarda ya ba shi dutsen ba, da kansa ya ɗora shi a kan dokin ƙofa, ya laluba tsakiyarsa, ya yi bisimilla ya buga. Ya rabu biyu.

Ya kai rabi ɗaya bakinsa. Ya sake lasa, sannan ya ɗauki shuɗiyar taguwar ya sake tsotsar gefenta. Idanun nan da ba sa ganin komai suka cika da ruwa.

Ya ce, "Siddiq na."

Na toshe bakina da hannu. Dutsen da ya fi so shi na sa ya fasa, kuma baibai na naɗe su.

Bai tsaya ba. Ya jiƙa yatsa a buta ya ɗiga ruwa a kan fasasshen, ya ɗiga a kan na Rugar Yazid, ya ɗiga a kan sabon. Ya ɗora babban yatsa a kan kowanne yana jira, ya kai farce ya karta. Ya sake yi sau biyu. Sannan ya haɗa sabon dutsen da fasasshen a tafi ɗaya.

"'Yan'uwa na. Sa'adu, naɗe igiyakka. Gobe ku cike ramin ga, ku koma gabas wajen tudun."

Sa'adu ya dube ni, na dube shi. Duk mun yi lissafin. Da na yi shiru, Baba zai ji sabon ya yi hali ɗaya da na cikin baƙin saƙi, ya ce Rugar Yazid ce, ruwa na kusa.

Baba ya naɗe rabi ɗaya a shuɗiyar taguwa ya ɗaure da zarensa, ya mayar da na Rugar Yazid cikin baƙin saƙi. Ɗaya rabin ya daɗe a hannunsa. Na fara ba shi haƙuri, ya ce in bari.

"Kin yi ɓanna, Malama, ba ni ɓoye maki. Amma kin hwaɗi tun igiya na bisa ƙasa." Ya miƙo mini rabin. "Wanga ba aro na ba. Kai shi makaranta, ki gaya ma ɗiyan mi shika nuhi, ko wata ta auri mai gina rijiya. Amma ba shi tahiya tsirara. Mai shi ka ba da ƙyalle."

Na kwance ɗankwalina, na kama gefensa da haƙori na yage. Na naɗe dutsen. Baba ya laluba gefen buzu ya ciro zare ya ba ni, ya ce ƙulli tara, in ja kowanne da kyau, kuma in faɗi sunan da bakina kafin in fara. Na ce Siddiq, Tungar Ƙirya. Sai da na yi na huɗu sau biyu, Baba yana bin zaren da yatsa a bayana yana ƙirgawa.

Ina ƙulli na tara Sa'adu ya wuce ta gabana da igiyar a kafaɗa, ya shiga da ita cikin gida.